Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ɗora wa Labari Kai

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk daga Saudiyya suka zo, daga 'yan'uwa masu fassara sanarwowin hukuma da masu haɗa labaran alhazai suna turawa gida. Da yake tambayoyin sun taru a kan kanun labarai, sai muka miƙa su ga teburin editocinmu. Mun rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ni nake rubuta wa ƙungiyar ɗalibanmu labarai. Rubuta labarin ba ya ba ni wuya, amma da na zo sa masa kai sai in yi ta gogewa. Daga ina ake farawa, kuma kalma nawa ya kamata?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gama labarin tukuna, kai shi ne aikin ƙarshe. Idan ka gama, ka ɗauka wani abokinka ya shiga jirgin ƙasan Haramaini, ƙofa tana shirin rufewa, ya ce maka "me ya faru?" Jimlar da za ka jefa masa kafin ƙofar ta rufe, ita ce ɗanyen kanka. Daga nan sai sassaƙa.

Ga misali da labari na gaske. Gabanin Hajjin 2025, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Saudiyya ta sanar da tarar da za ta iya kaiwa Riyal 20,000 ga duk wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji babu izini. A shekarar da ta gabace ta, Riyal 10,000 ce. Sabon shiga yakan rubuta: "Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Masarautar Saudiyya ta fitar da muhimmiyar sanarwa game da masu yin aikin Hajji ba tare da izini ba." Kalma 23, kuma mai karatu bai ƙaru da komai ba, don bai ji abin da sanarwar ta ƙunsa ba. Sai ka fara yanka. Dogon sunan ma'aikata ya koma "Saudiyya", cikakken sunan ya jira a sakin layi na farko. "Muhimmiyar" ta fita, don mai karatu ne zai yanke hukuncin muhimmanci. "Fitar da sanarwa" ma ta fita, saboda fitar da sanarwa aikin ma'aikata ne na kullum. Sabon abu shi ne kuɗin ya ninku. Abin da ya rage: "Saudiyya ta ninka tarar Hajji babu izini zuwa Riyal 20,000." Kalma 10. Saura ka koma ga asalin sanarwar ka gwada kan da ita. Cewa ta yi tarar tana iya kaiwa wannan adadi, wato shi ne ƙololuwa, don haka ko dai ka fayyace hakan a layin farko na labarin, ko ka ce "Tarar Hajji babu izini za ta kai Riyal 20,000 a Saudiyya."

Game da tsawo, ka riƙa ƙirga haruffa maimakon kalmomi, don Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su ta, ya, da, na. Google yakan datse kai idan ya wuce haruffa kamar 60, har da filin da ke tsakanin kalmomi, kuma saƙon da ke faɗowa a fuskar waya yakan fi haka gajarta. Wannan yana nufin kalma 7 zuwa 11. Yana kuma nufin ka sa nauyin labarin a kalmomi huɗu ko biyar na farko, domin wutsiya ake yankewa.

Akwai wasu kalmomin aiki da in ka gan su a kanka, to ka san ba ka kai ga labarin ba tukuna: ya bayyana, ya magantu, ya yi tsokaci, ya yi ƙarin haske, an gudanar da taro. "Jami'in alhazai ya yi ƙarin haske kan jigila" ya bar mai karatu cikin duhun da ya same shi. Me ya ce? Idan cewa ya yi jirgin farko zai tashi ranar Talata, to "Jirgin farko na alhazai zai tashi Talata" shi ne kai. Taro ma haka. Mutane suna zama kullum. Abin da suka tashi da shi ake sa wa a sama.

TAMBAYA: Ina aiki a Riyad, kuma ina fassara labaran kamfanin dillancin labarai na Saudiyya daga Larabci in tura wa mutanenmu. Wani dattijo ya ce kanun da nake sawa Larabci ne sanye da rigar Hausa. Ban fahimce shi ba.

AMSA: Dattijon nan ya san aiki, Malam, ka ƙara kusantarsa. Ga wuraren da Larabcin yake leƙowa.

Na farko lokaci. Jaridun Larabci suna sa kai da fi'ilin yanzu ko da abin ya riga ya wuce: "yastaƙbil", "yaftatih", "yu'lin". Jaridun Turanci ma haka suke yi. Mai fassara sai ya biyo su ya ce "Sarki Salman na karɓar baƙuncin shugaban ƙasa kaza." A kunnen Bahaushe, wannan yana nufin yanzu haka suna zaune ana gaisawa. Hausa ba ta da wannan al'ada. Abin da ya faru, "ya karɓi", "ta buɗe", "an kama". Abin da ke tafe, "zai", "za ta", "za a". Ka ajiye "na" da "ke" ga abin da yake gudana da gaske, kamar "Alhazai na ci gaba da isa Mina."

Na biyu laƙabi. Kan Larabci yana ɗaukar "Khadimul Haramainish Sharifaini", laƙabin da Sarki Fahad ya ɗauka a 1986, da "Sahibus Sumuwwil Malaki" ga 'ya'yan sarauta, da "Ma'ali" ga ministoci. Idan ka fassara su duka, "Hadimin Masallatai Biyu Masu Alfarma" kaɗai ya cinye fiye da rabin filinka. "Sarki Salman" ya wadatar a kai, cikakken laƙabi ya shiga cikin labarin sau ɗaya. Ba raini a cikin wannan. Haka "Amiru Minɗaƙati Makka": gwamnan yankin Makka ne. In ka ce "Sarkin Makka", mutumin Katsina zai zaci akwai wani sarki daban da na Riyad.

Na uku, kuma shi ya fi haɗari, kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci amma ma'anarsu ta goce. "Hukuma" a Larabci gwamnati ce sukutum. A Hausa hukuma takan zama wani sashe, kamar hukumar alhazai. "Daula" a Larabci ƙasa ce kawai. A Hausa tana kawo tunanin tsohuwar masarauta ko jin daɗi. "Siyasa jadida" a bakin ma'aikata sabon tsari ne ko sabuwar manufa, babu ruwanta da jam'iyya. "Milyar" biliyan ce, wanda ya karanta da sauri ya rubuta miliyan ya rage kuɗin sau dubu. "Isabat" tana iya zama waɗanda suka ji rauni a haɗari, tana iya zama waɗanda suka kamu da cuta, sai ka karanta jikin labarin. "Dahaya" kuma waɗanda abin ya rutsa da su ne, wani lokaci har da masu rai da ke kwance a asibiti. Wanda ya mayar da ita "sun mutu" ya binne rayayyu.

Sai lambobi. Biyar ta Larabci ƙaramin zagaye ce mai kama da sifilin boko, sifili ɗigo ne, shida kuma kamar bakwai ɗin boko take. Idon da ya saba da boko zai iya ganin ٦٥ ya karanta 70, alhali 65 ce. Biyu da uku haƙori ɗaya ya raba su. Duk adadin da zai hau kai, ka duba shi sau biyu, in akwai bugun Turanci na sanarwar ka gwada da shi.

Kuɗi kuwa ka bar su a Riyal. Tun 1986 Riyal 3.75 ke daidai da Dala ɗaya, amma Naira ba ta kwana inda ta yini. Kan da ka sa Naira a cikinsa zai iya zama ƙarya kafin mako ya zagayo. Lissafin Naira ko Sefa ya shiga cikin labari, tare da ranar da aka yi canjin. Kalmomin da mazauna Saudiyya suka saba da su, irin su tasrihi (izini) da iƙama (takardar zama) da jawazat (hukumar shige da fice) da tarhil (mayar da mutum ƙasarsu), ka duba wa kake rubuta wa. Mutumin unguwar Misfala a Makka ya san tasrihi. Gyatumarsa a Gumel izini ta sani.

TAMBAYA: Ni mai shago ce a Jidda, 'yata ce take buga mini labaran ƙungiyarmu ta mata a waya. Ta ce sa haruffa masu lanƙwasa ɓata lokaci ne, kowa yana ganewa. Haka ne?

AMSA: Hajiya, a tsakiyar labari sau da yawa ana ganewa, saboda jimlolin da ke kewaye suna taimako. Kai kuwa shi kaɗai yake tsaye, babu maƙwabci. Ki ba ta wannan ta karanta: "Alhaji ya bata a Mina." Ɓata ya yi, ko wani abu ya ba wata? "Yawan baki a Madina": baƙi ne suka cika gari ko surutu ne? "Fada ta dauki zafi" da "faɗa ya ɗauki zafi" ba su da haɗi. Gboard da sauran manyan allunan rubutu na waya suna da Hausa, minti biyu ya isa a kunna. Abin da za ta kula da shi shi ne idan kan zai hau kan hoto: wasu salon haruffa na ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito da akwati ko su canza siffa a tsakiyar kalma. Ta gwada ƙanana da manya duka, ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ, kafin ta zaɓi salo. Mutanen Nijar suna rubuta ƴ inda na Nijeriya ke sa 'y. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai.

Akwai kuma harshen damo da lanƙwasa ba ta magancewa, don karin sauti ne ya raba kalmomin kuma ba ma rubuta shi. "An ci alhazai tara a Makka." Mai rubutu yana nufin an ci su tara ta kuɗi, mai karatu ya ga mutum tara da aka cinye. "An ci tarar alhazai" ta warware. "An kashe miliyan biyu a Arfa" ya isa ya tsayar da zuciyar mai ɗan'uwa a can. Kalma ɗaya, Riyal, ita ta ɓace. Wakilin suna ma yana yin irin wannan ɓarna: "Hajiya ta kori 'yar aiki da ɗanta." Ɗan wa? Maganin duk waɗannan ɗaya ne, a ba wanda bai karanta labarin ba ya karanta kan da ƙarfi, sannan a tambaye shi me ya fahimta.

TAMBAYA: Ina cikin masu yi wa alhazai hidima a Makka. Idan wani abu ya faru, adadin waɗanda suka rasu yakan zo mana iri-iri, kowa da nasa. Wanne ake sa wa a kai?

AMSA: Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a cikin wasiƙun, don kan da ka rubuta a unguwar Aziziyya ta Makka, cikin 'yan mintuna yana wayar wata tsohuwa a Damagaram wadda ɗanta yake Mina, kuma galibi kan kaɗai zai isa gare ta, an yanko hotonsa an tura ta WhatsApp babu labarin.

Ƙa'ida ta farko, adadi ba ya hawa kai sai da mai shi. Dubi turmutsitsin Mina na ranar 24 ga Satumba 2015. Hukumomin Saudiyya sun tsaya a kan mutum 769. Kamfanin dillancin labarai na AP, da ya tattara alƙaluman da ƙasashe suka bayar game da 'yan ƙasarsu, ya haura 2,400, kuma Iran da Mali da Nijeriya suna cikin waɗanda suka fi yin rashi. Tazarar ta fi ninki uku. Editan da ya rubuta ɗaya daga cikin adadin nan tsirara, babu sunan wanda ya faɗa, ya ɗauki nauyin da ba shi ya ƙirga ba. Hanyar ita ce "Saudiyya ta ce mutum 769 ne suka rasu a Mina", ko "Mamatan Mina sun haura 2,400, in ji ƙididdigar AP." Kowanne gaskiya ne a matsayinsa, domin kowanne ya faɗi bakin da maganar ta fito.

Ta biyu, a sa'o'in farko adadi hawa yake yi. Sa "aƙalla" a gaban adadin da aka tabbatar, kuma ka ɗauki mafi ƙanƙanta daga majiyar da ke da suna. Idan ya ƙaru, ka ƙara. Wanda ya fara da babban adadi ya dawo yana ragewa, ya riga ya sa gidaje kuka a banza. "Da dama" da "masu yawa" ba su da amfani. Wani zai ji biyar, wani ɗari biyar.

Ta uku, kada kai ya yanke dalilin da majiya ba ta yanke ba. A Hajjin 2024, wanda mutum sama da miliyan 1.8 suka yi, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma Ministan Lafiya na Saudiyya ya sanar da rasuwar mutum 1,301, ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji. Sanarwar ta yi maganar doguwar tafiya cikin rana babu inuwa, ta kuma ambaci tsofaffi da masu ciwon da ya daɗe a jiki. "Zafi ya kashe alhazai 1,301" yana da daɗin karatu, amma ya jingina kowace rasuwa ga sababi ɗaya. "Mutum 1,301 sun rasu a Hajjin bana cikin tsananin zafi, in ji Saudiyya" ya fi tsawo, ya kuma fi tsayawa a kan abin da aka sani.

Ta huɗu, faɗi su waye da kuma ina, da wuri. "Motar alhazai ta yi haɗari" yana tayar da hankalin duk mai mahajjaci a duniya. Idan ka san 'yan wace ƙasa ne, sa a kalmomin farko. Idan babu ɗan gida a ciki kuma an tabbatar, wannan ma labari ne ga masu karatunka. Sunan mamaci kuwa ba ya hawa kai har sai an tabbatar iyalinsa sun ji ta hanyar da ta dace.

Kalma ma tana da nauyi. "Rasu" ita ce ta mutunci, kuma gajeriya ce. "Sun riga mu gidan gaskiya" tana da kyau a ta'aziyya, a kai tana cin fili. "Sun sheƙa lahira" da "sun baƙunci barzahu" sun zama yayi a wasu shafuka. A ganinmu wasa da gawa ne, ko da ɗan fashi ake magana.

TAMBAYA: Ina da shafin labarai a Facebook. Na lura idan na sa "Da ɗumi-ɗumi" ko "Tirƙashi", ko na ɓoye abin da ya faru, mutane sun fi dannawa. To laifin me?

AMSA: Gaskiya ne sun fi dannawa, a karon farko da na biyu. Ka duba ɗaya alƙaluman da shafin yake ba ka: mutum nawa suka tsaya suka karanta, nawa suka dawo. Wanda ka ja da "Abin da ya faru a Harami ya girgiza duniya" ya shiga ya tarar an sauya kafet ne, ya koyi darasi a kanka. Ranar da babban abu zai faru da gaske, ba ka da sauran kalma, ka riga ka ƙarar da su a kan kafet.

"Da ɗumi-ɗumi" tana da wurinta: abin da ya faru cikin sa'a ɗaya ko biyu, wanda ya shafi mutane da yawa, kuma bayanai suna kan shigowa. Faɗuwar ƙugiyar gini a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba 2015, wadda ta yi ajalin mutum sama da 100, irin wannan ce. Bayan 'yan sa'o'i sai a cire kalmar, don labarin jiya ba ya ɗumi.

Kan da ya zo da alamar tambaya, kamar "Shin za a soke Umara a Ramadan?", galibi yana nufin marubucin ba shi da hujja amma yana son jita-jitar ta yi masa aiki. Mai karatun da ya tsaya a kai zai tafi da "za a soke". Idan ka bincika ka ga ƙarya ce, fara da hukuncin: "Ba a soke Umarar Ramadan ba, in ji ma'aikatar Hajji." Tambaya tana halatta a rubutun bayani, inda amsar take ciki da gaske, kamar "Yaya ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk?"

Jan hankali na halal yana nan, kuma ya fi ƙarfi: adadi, wa'adi, da abin da ya taɓa aljihu ko takardun mai karatu. Ranar da biza za ta daina aiki, in ka sa ta a kai, ba ka buƙatar tirƙashi.

TAMBAYA: Allah ya gafarta malamai, daren duban wata kullum sai an samu ruɗani a tsakaninmu da 'yan gida. Yaya ya kamata a rubuta?

AMSA: Amin, tare da kai. "An ga wata" ba ya fita sai da sunan ƙasa manne da shi. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a biyu, rana tana faɗuwa a Sudair da Tumair, inda masu duba suke taruwa, tun ana la'asar a Sakkwato. Kanka zai isa gida kafin su fara nasu duban, mutane su ɗauka Sarkin Musulmi ne ya yi magana. Rubuta "An ga watan Shawwal a Saudiyya, Sallah ranar Laraba." Lura da sunan rana: "gobe" tana lalacewa da tsakar dare, wanda ya buɗe wayarsa da asuba zai ƙara kwana ɗaya. Kuma a Saudiyya Kotun Ƙoli ce take tabbatarwa. Hoton wani mai duba ko kalandar Ummul Ƙura, wadda a kan lissafi aka gina ta, ba su ne sanarwa ba.

Shirya kai biyu tun da yamma, na an gani da na ba a gani ba, dabara ce mai kyau, amma a ajiye su inda yatsa ba zai tura da kuskure ba. Sauri kan haifi nawa. Jaridar Chicago Daily Tribune ta Amurka ta fito ranar 3 ga Nuwamba 1948 da babban kai cewa Dewey ya kayar da Truman a zaɓen shugaban ƙasa, kafin a gama ƙirga. Truman ne ya ci, kuma hotonsa riƙe da jaridar yana dariya ya fi duk abin da aka rubuta a bugun daɗewa.

TAMBAYA: Idan jami'an tsaro suka kama wani ɗan ƙasarmu, muna rubuta "Dubu ta cika" ko "Asirin ɓarawo ya tonu". Wani ya ce za mu iya shiga matsala. Da gaske?

AMSA: Da gaske, ɗan'uwa, ta fuska biyu. Kamu ba hukunci ba ne. "Ɓarawo" da "ɗan damfara" da "dubu ta cika" duk sun yanke shari'a kafin alƙali ya zauna. Abin da ka sani shi ne an kama shi, kuma ana zarginsa: "An kama mutum uku a Jidda bisa zargin sayar da izinin Hajji na jabu." Kalmar zargi dole ta kasance a kan kansa, ba ta jira a sakin layi na huɗu. Sai bayan kotu ta yanke ake cewa "ta samu wane da laifi."

Ta fuskar doka, kana zaune a ƙasar da dokar laifukan intanet ta 2007 take aiki. Ɓata sunan mutum ta waya ko kwamfuta yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara ɗaya, ko tarar da ta kai Riyal 500,000, ko duka biyun. Yaɗa abin da aka ɗauka ya taɓa zaman lafiyar jama'a yana iya kaiwa shekara biyar da Riyal miliyan 3. Sanarwowin 'yan sandan nan da kansu galibi ƙasar mutum suke faɗa, su bar sunansa, su rufe fuskarsa a hoto. Kada kai ka wuce su.

Ƙabila da laƙabin raini ma su fita. "Takari" kalma ce da mu kanmu muke jifan juna da ita, kuma a kai tana shafa wa dubban mutanen da ke zaune da iƙamarsu, har da waɗanda kakanninsu a nan aka haife su, laifin mutum ɗaya. Idan maganar takardu ce, faɗi maganar takardu: "waɗanda bizarsu ta ƙare."

TAMBAYA: Ana iya sa karin magana a kai? Kuma kowace kalma ake fara wa da babban baƙi?

AMSA: A sharhi ko rubutun ra'ayi, ana iya, Malama, in karin ya faɗa daidai. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta nuna irin ƙarfin gajeriyar jimla ta Hausa, sai dai wannan sunan jarida ne da ake gani kowane bugu. Labarin yau yana buƙatar wa, me, ina. Mai neman labarin jinkirin jirgin Kano daga filin jirgin Jidda "jirgin alhazai Kano" zai buga a waya, kuma "Ba a fafe gora ranar tafiya" ba zai taɓa fito masa ba. In kina son duka biyun, karin ya zo gajere a gaba, ɗigo biyu, sannan labarin, muddin fili ya isa.

Manyan baƙaƙe kuwa tsarin gida ne. Wasu jaridu suna fara kowace kalma da babba, amma a Hausa hakan yana cika layi da Ta da Ya da Da, ido ya kasa gane suna daga sauran kalmomi. Mun fi son babban baƙi a farkon kai da sunaye kawai. Ba a sa aya a ƙarshe. Alamar motsin rai ba ta da aiki a kan labari. Alamar zance kuma ta kalmomin da mutum ya furta ce daidai da daidai. Idan daga Larabci kika fassara kika taƙaita, cire alamar ki sa "in ji". Idan kuma kin tura kai sannan kika gano kuskure, ki gyara shi a inda yake, ki rubuta a ƙasan labarin abin da aka gyara da lokacin, sannan ki sake tura gyararren ga duk zaurukan da na farkon ya shiga, da kalmar "Gyara" a gabansa.